Umara Mai Inji da Kwamfutar da Ba Za Ta Tsufa Ba

A Azare, in injin ban-ruwa ya ƙi tashi ko injin niƙa ya fara tari, ba a cika tambayar inda za a kai shi ba. Rumfar Umara Mai Inji ce, can ƙasa da tasha, inda ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta daina tsirar ciyawa. Mahaifinsa daga wajen Gashuwa ya zo da injin niƙa guda ɗaya ya zauna a unguwar Matsango, kuma a gindin wannan injin Umara ya yi rarrafe. Injin ya girme shi, ya ga bayan mai shi, yana nan kuma yana yi wa matan unguwa niƙa. Daga nan Umara ya ɗauko aƙidar da ba mai raba shi da ita, cewa ba abin da ke mutuwa, sai dai mai shi ya gaji. In kayan gyara ya zo bai shiga ba, sai ya jawo magagari ya goge shi har ya shiga. In ya yi sako-sako, ya yanko gwangwani ya cika. Ka ce masa ya yar da tsohon noti, sai ya dube ka kamar ka ce ya yar da ɗa. Mutumin kirki ne, Allah ya ba shi hannu, amma akwai kunnen ƙashi, kuma da yake yawanci shi ke da gaskiya, ba wanda ya damu ya yi masa faɗa.

Ƙanensa Sherif, wanda ya ba shekara goma sha biyu, a hannunsa ya tashi bayan rasuwar iyayensu. Shi Sherif bai gaji baƙin mai ba, ƙwallo ya gada, ba a san daga ina ba. Shi ne mai lamba tara a ƙungiyar samarin unguwa, kuma an ce in ya ɗauki ƙwallo ya zura da gudu, masu tsaron baya sai su raka shi da ido. An ce ne, don Umara bai taɓa zuwa fili ya kalla ba. A ganinsa, ƙato da gajeren wando yana bin fata cikin rana bai san ciwon kansa ba.

A ranin shekarar 2003 aka kira Umara gyaran inji a wata fadama kusa da Katagum. Sherif na da wasa da yammar ranar, amma Umara ya ce ya hau babur ya riƙe masa kaya, ƙwallo ba za ta gudu ba. Da suka gama sai Umara ya ji tausayinsa ya ja babur da ƙarfi don yaron ya riski wasansa. Rairayi ya kwashe tayar gaba. Babur da kan injin da aka ɗaure a baya suka faɗa a ƙafar Sherif ta dama, shi kuwa Umara ya miƙe da ƙurjewa a gwiwar hannu, ba wani abu. Mutanen da suka taru suka ce asibiti. Umara ya ce a asibiti yanka suke yi, ƙashi kuwa abin haɗawa ne, ya ɗauki ƙanensa ya kai wa wani mai ɗori a ƙauyen da ke gaba da Disina. Sati uku aka yi kafin wari ya sa ya yarda. Da suka isa asibiti, aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, likitan kuma bai ɓoye ba, ya ce da ranar farko aka kawo shi da ba a kai ga haka ba.

Sherif bai taɓa ce wa yayansa uffan a kan wannan ba. Da zagi ya yi, da Umara ya sami abin riƙewa. Sai kawai ya shige ɗakin soro ya saki labule. Bara'atu, matar Umara, takan kai masa abinci ta dawo da shi kusan yadda yake. Abokansa suka yi ta zuwa dubiya, ya juya musu baya, har suka gaji suka rage. An kawo masa sanduna biyu na ƙarfe, iyakar aikinsu su kai shi ban-ɗaki su dawo da shi. Umara ya kan tsaya a bakin ƙofa da safe ya ce, "Ka tashi lafiya?" A ce masa lafiya lau daga cikin duhu, ya wuce rumfa. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kuma ya faɗa wa Bara'atu ba sau ɗaya ba: kada yaron nan ya ƙare a ɗakin nan yana numfashi.

Babayo ne, mai tsaron gidan ƙungiyarsu, wanda bai daina zuwa ba, ya buɗe hanya ba tare da ya sani ba. Wata rana yana ba Sherif labarin gidan wasa da aka buɗe a bakin kasuwa, inda ake buga ƙwallo a talabijin da wani abin riƙewa a hannu. Umara na wucewa ya ji Sherif ya yi tambaya, ya sake yin wata. Watanni ke nan bai ji ya tambayi komai ba. Washegari ya rufe rumfa ya je ya gani da idonsa. Wasan bai burge shi ba, amma akwatin ya fi ba shi haushi: ɗan baƙin abu a rufe ruf, ba a ƙara masa komai, in ya tsufa sai a yar a sayi wani. Wannan a wurin Umara ba inji ba ne, abin wasan yara ne. Sai wani mai buga takardu a layin ya ce masa ai kwamfuta ma tana yin wasan, ita kuma harhaɗa ta ake yi, yanki-yanki, kowa daidai ƙarfinsa. Nan take fuskar Umara ta washe. Ya sayar da babur ɗin, wanda dama tun ranar bai sake hawa ba, ya shiga motar Kano a farkon 2004.

A layin masu kwamfuta aka haɗa shi da wani Alhaji Maikuɗi, mutum mai haƙuri, kuma ranar ya buƙaci haƙurin. Umara ya sa aka zazzage masa kwamfuta a kan tebur, aka nuna masa kowane yanki da aikinsa. Ga babban faifan da komai ke zama a kai, ga ƙwaƙwalwa, ga 'yan sandunan da ke ƙara sauri waɗanda ake kira ram, ga faifan ajiya, ga katin hoto, wanda aka ce shi ne ran wasa. Cikin awa guda ya gane su, don gaskiya kai ne da shi. Ya zaɓi akwati mafi girma da kauri, wai don iska. Ya zaɓi babban faifai mai ramukan ram huɗu, ya cika ɗaya ya bar uku. Katin hoto kuwa ya ɗauki matsakaici da gangan, ya daɗe yana shafa dogon ramin da katin ke shiga, yana cewa nan ne dabarar take: in wasa ya yi nauyi nan da shekaru, a zare wannan a soka babba.

"Malam Umara," in ji Alhaji Maikuɗi, "shekara nawa kake so ta yi?"

"Goma, ko fiye. Ba na sayen abin da zan yar."

"To, in gaya maka gaskiya. Sana'ar nan ba irin taku ba ce. Masu ƙera abin nan ba sa zama wuri ɗaya. Har mun ji ana maganar wani sabon rami da zai fito."

Umara ya yi murmushin da yake yi wa manomi in ya zo yana koya masa inji. Ya ce fulogin da ubansa ya ɗaura a da shi ake ɗaurawa yau, rami kuma rami ne. Alhaji Maikuɗi ya ga ba riba a gardama, ya ɗaure masa kaya, ya haɗa masa da faifan wasan ƙwallo da abin riƙewa guda biyu.

Kuma a yi masa adalci, abin ya yi aiki. Ya yi aikin da magani da rubutu da nasiha ba su yi ba. Umara ya ƙara wa akwatin fanka ta kansa, ya ware masa ƙaramin janareta saboda wutar gari ba ta da tabbas, ya ɗinka masa riga da tsohon buhu. Sati biyu Sherif yana kallon allon daga kan katifa, ran nan ya miƙa hannu. Kafin damina ta faɗi, shi ke koya wa Babayo. Ya gano cewa wasan na barin mutum ya ƙirƙiri 'yan wasansa, sai ya zauna ya gina ƙungiyarsu ta unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da tsayinsa da irin askinsa, har da wanda ba ya iya bugu da hagu. Kowa ya ji an sa shi a kwamfuta sai ya zo ya ga kansa. Aka ɗage labule, aka shimfiɗa tabarma har waje. Umara bai iya tambayar lafiyar zuciya ba, don haka takalman bakin ƙofa yake dubawa in ya dawo daga rumfa. In ya gan su jibge, sai ya ci tuwo da daɗi.

Sau ɗaya ya tsaya ta taga ya kalli wasan sosai. Ya ga wani ɗan mutum mai lamba tara a baya ya karɓi ƙwallo, ya yanke mutum biyu, ya zura da gudu, ƙafafunsa biyu suna cin ƙasa. Ɗakin ya ɗauki sowa ana kiran sunan Sherif. Wannan shi ne karo na farko da Umara ya ga ƙanensa yana buga ƙwallo. Ya koma can ƙuryar gida ya daɗe a tsaye, Bara'atu ta gan shi ta yi kamar ba ta gani ba.

Shekara huɗu aka yi a haka. Ƙungiyar cikin kwamfuta ta ci kofuna, ta haura mataki-mataki, Sherif ya san tarihin kowane wasa a ka. Ya yi ƙiba kaɗan, yana fitowa ƙofar gida da la'asar, har ya koyi buga wa mutane takardun gayyata. Amma bai taɓa wuce bakin layinsu ba.

Wajen 2008 takalma suka fara raguwa. Wasu sun yi aure, wasu sun tafi makaranta Bauchi, sauran kuwa sabon wasa ya ja su gidan wasan bakin kasuwa, inda aka ce har gumin 'yan wasa ana gani. Babayo ya samo faifan sabon wasan ya kawo, aka sa a kwamfutar Sherif, 'yan wasan suka riƙa tafiya kamar masu ratsa taɓo, daga baya allon ya tsaya cak. Sherif ya yi dariya ya zare faifan ya mayar da nasa. Umara bai yi dariya ba. Ran da ya dawo daga rumfa ya tarar da takalmin Babayo kaɗai, sai tsohon tsoron nan ya dawo masa sabo. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi, don ranar da ya yi wa tanadi ce ta zo. Ya shiga motar Kano yana jin kansa.

Alhaji Maikuɗi ya gane shi, ya ba shi kujera, sannan ya gaya masa abin da ba ya so ya ji. Irin ramin katin da ke babban faifansa an daina yayinsa. Duk manyan katunan da ke shigowa na sabon rami ne. Na tsohon sai a dace da na hannu, shi ma ba zai ɗauki sabon wasan yadda ake so ba. In ya canja babban faifai, to ƙwaƙwalwar ba za ta zauna a sabon ba, ram ɗin ma an canja musu baki. Ramukan nan uku da ya bari, ya bar wa abin da ya kusa ɓacewa daga kasuwa.

"Me zan tsira da shi ke nan?" Umara ya tambaya.

"Akwatin, da faifan ajiya. Akwatinka kam mai kyau ne."

Ran Umara ya ɓaci ƙwarai. Ya ji kamar an haɗa baki ne aka yi masa wayo, shi da duk mai tanadi a duniya. Ya ce a ba shi sabon katin ya gani. Ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Haƙoran nan ne dai masu ruwan zinariya a jere, sai dai sun ɗan fi tsawo, kuma 'yar tsagar da ke tsakaninsu ba a wuri ɗaya take da ta tsohon ba. Ya auna da farcensa. Alhaji Maikuɗi, da ya ga irin kallon da yake yi wa katin, ya ce masa don Allah kada ya gwada abin da yake tunani, kowane haƙori da wutar da ke bin sa. Umara ya ce ya ji. Ya sayi katin ya sa a aljihun gaba.

Da ya zo ɗaukar kwamfutar ranar Asabar da hantsi, Sherif ya dafa akwatin.

"Ya Umara, ka bar ta haka. Ni tana yi mini."

"Awa ɗaya kawai. Kafin azahar kana buga sabon."

"Ni ban ce ina son sabon ba."

Umara ya ɗauka kawaici ne irin na Sherif. Ya zame akwatin daga ƙarƙashin hannunsa a hankali, ya saɓa a kafaɗa ya tafi rumfa.

Aikin da ya yi, a matsayin aikin hannu, ba shi da makusa. Ya sa siririn zarto ya buɗe ƙarshen ramin don tsawon katin ya samu wuri. Ya sa ƙaramin magagari ya fitar da sabuwar tsaga a jikin katin, yana gogawa yana hurewa yana gwadawa, har katin ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Ko bismillarsa da ƙarfi ya yi ta. Ya danna maɓalli. Fanka ta juya sau biyu, wani abu ya yi ƙara ƙas, sai siririn hayaƙi ya taso da warin da duk mai gyara ya sani. Ya fizge waya, amma ya san an gama. Ya mayar da tsohon katin, shiru. Ya kwashi akwatin ya kai wa mai buga takardun nan, wanda yanzu ya ɗan iya gyara. Mutumin ya zare faifan ajiya ya gwada a tasa kwamfutar, ya gwada a ta maƙwabcinsa, ya juya shi ya nuna wa Umara wani ɗan baƙin tabo a ƙasansa. Wutar ta bi ta nan ma. Duk abin da ke ciki ya tafi.

Umara bai taɓa jin hanyar Matsango ta yi masa tsawo irin na ranar ba. Ya ajiye akwatin a tsakar ɗakin Sherif, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba. Ya ce zai koma Kano ya haɗo sabuwa fil, wadda ta fi wannan, kuma wannan karon zai ji maganar masu sana'a. Sherif ya tambaye shi abu ɗaya, ko ƙungiyar na nan. Ya ce babu.

Sherif ya dubi akwatin. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Na ce ka bar ta. Da bakina na ce ka bar ta. Ya Umara, kai ba ka taɓa jin an ce a bari ka bari ba. Komai sai ka sa masa hannu. Ni ba inji ba ne."

Shekara biyar Umara yana jiran magana irin wannan, yana zaton in ta zo zai ji sauƙi. Bai ji ba. Sherif ya jawo sandunansa, ya sa takalminsa, ya fita. Umara ya bi shi yana cewa bari ya tsayar masa da ɗan acaɓa, rana ta yi zafi. A bakin layi, inda ya saba tsayawa, Sherif ya waiwayo ya ce kada ya biyo shi. Ya ci gaba da tafiya yana dogarawa har ya sha kwana.

Gidan su Babayo ya je, kuma can ya zauna. Bai koma ɗakin soro ba, bai kuma sake shiga wani ɗaki ya saki labule ba. Mai buga takardun nan ya ɗauke shi aiki, kullum da safe yana ratsa gari da sandunansa, mutane na gaishe shi. Abin da Umara ya yi ta roƙon Allah a kai ya samu, sai dai ba ta hannunsa ba. Ya haɗo sabuwar kwamfutar kamar yadda ya ce, aka kai wa Sherif, ya yi godiya ya ce a ba yaran gida su yi karatu. Ba gaba suke yi ba. Sherif na zuwa gaisuwa ranar Juma'a, ya ci abincin Bara'atu, ya tambayi aiki, ya tafi.

Wata safiya, bayan kamar shekara guda, Umara na kwance fistin sai ya ji ƙarar sandar Sherif daga nesa, ya kuma ji ƙarar ba daidai take ba. Maƙalar hannun ɗaya ce ta tsage, tana lilo. Aikin minti biyar ne, har ya ajiye sifana ya goge hannu a tsumma. Sherif ya tsaya a bakin rumfa ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya duba hagu da dama, ya tsallaka titi a hankali, ya miƙa sandar ga wani sabon mai walda da ke ɗaya hannun, ya jingina da bango yana jira a kan ƙafa ɗaya.

Daga inda yake zaune Umara na ganin komai. Mai waldar bai kankare tsatsa ba, wutarsa ta yi yawa, ɗinkin ba zai kai wata biyu ba. Sau biyu Umara ya yunƙura zai tashi. Sai ya koma ya zauna, ya cusa hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyinsa ya matse su, yana kallo har aka gama.